Darasi na 12: Fitar Bayanan Inshorar Lafiya da Kare Kai Daga Masu Sojan Gona

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya faɗin irin bayanan da ake karɓa wajen rajistar inshorar lafiya, ya bayyana yadda suke faɗawa hannun da bai dace ba, ya gane dabarun masu sojan gona, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan an cuce shi.

Amanar da muke miƙawa

Duk wanda ya je rajistar inshorar lafiya, a cikin garin Daura ne ko a Mai'aduwa, Sandamu, Zango ko Ɓaure, tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Za a rubuta sunansa da na mahaifinsa, ranar haihuwa, unguwa ko ƙauye, lambar waya da lambar NIN. Za a ɗauki hotonsa, a rubuta sunan iyalinsa, a tambaye shi asibitin da ya zaɓa, in ma'aikaci ne a haɗa da wurin aikinsa. Daga ranar da ya fara ganin likita kuma fayil ɗinsa zai riƙa ƙara kauri: rukunin jini, hawan jini ko ciwon suga, awon cikin uwargida, sakamakon gwaji da magungunan da aka rubuta. Banki ya san kuɗin mutum amma bai san cutarsa ba. Hukumar katin ɗan ƙasa ta san fuskarsa da yatsunsa amma ba ta san abin da ke damun matarsa ba. Ofishin inshora ne ke haɗa sunan mutum da iyalinsa da sirrin jikinsa a wuri guda, shi ya sa masu kutse a duniya suke kwaɗayin rumbunsa.

Masu miƙa wannan amana kuwa ƙaruwa suke yi. A watan Mayun 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan masarautar Daura, ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a madadin tsohuwar NHIS, dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane mazaunin Najeriya. Jihar Katsina tana da tata hukumar taimakekeniyar lafiya, KTSCHMA, wadda ke yi wa ma'aikata da sauran jama'a rajista. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma ta hanyarsa ake shigar da masu ƙaramin ƙarfi. Abin da darasin nan yake son tabbatarwa guda ne: bayanan da suka fita ba kasafai suke kwashe kuɗin mutum su kaɗai ba, aikinsu shi ne su sa maƙaryaci ya yi kama da mai gaskiya. Mabuɗin ƙarshe yana hannun mai abu, kuma wanda ya san haka zai iya cin moriyar inshora ba tare da ya zama abincin 'yan damfara ba.

Yadda bayanai ke fita

Misali mafi kusa da mu ya faru ne a Jihar Filato. A shekarar 2022 wasu masu binciken tsaron intanet na shafin Website Planet suka gano cewa ma'ajiyoyin bayanai na hukumar inshorar lafiya ta jihar, PLASCHEMA, a buɗe suke a intanet, babu kalmar sirri. Rahotonsu ya ce fayiloli fiye da 75,000 ne, na mutane kimanin 37,000, a ciki har da hotuna, takardun haihuwa da katunan shaida na masu neman rajista. Ba a fasa ƙofa ba, ba a haura katanga ba. Wanda ya san adireshin zai iya shiga ya kwafa. Waɗancan mutane ba su yi laifin komai ba. Fom suka cike, kamar yadda ake cikewa a nan. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa, domin hukumomin jihohi irin aiki ɗaya suke yi, irin takardu ɗaya suke tarawa.

Kada a ɗauka wannan ciwon ƙasashe masu tasowa ne kawai. A watan Fabrairun 2024 masu kutse suka shiga kamfanin Change Healthcare na Amurka, wanda ke sarrafa biyan kuɗin magani tsakanin asibitoci da kamfanonin inshora, suka kwashi bayanan mutane kimanin miliyan 190. Shugaban uwar kamfanin ya shaida wa majalisar dokokin ƙasar cewa sun shiga ne da kalmar sirrin da suka sata, ta wata ƙofa da ba a sa mata matakin tantancewa na biyu ba, kuma an biya su fansar dala miliyan 22. A Ostareliya, cikin watan Oktoban 2022, an sace bayanan mutane miliyan 9.7 daga kamfanin Medibank. Da kamfanin ya ƙi biyan fansa, ɓarayin suka wallafa sunayen waɗanda aka yi wa maganin shaye-shaye da na matan da suka zubar da ciki. Waɗannan misalai uku sun nuna abu biyu. Na farko, yawanci sakaci ƙarami ne ke buɗe hanya, ba wata gwaninta mai ban mamaki ba. Na biyu, abin da ya fita ya fita. Katin banki ana soke shi a ba ka sabo a yini guda, amma ranar haihuwa, sunan uwa da rukunin jini ba a sake su.

Akwai kuma fitar da ba ta buƙatar kwamfuta, ita ce ta fi yawa a wajenmu. Mutum ya je shagon fotokwafi, na farko bai fito da kyau ba, aka jefa shi kwandon shara. Kwana biyu sai ga takardar NIN ɗinsa, da hotonsa da lambarsa, an ƙunsa gyaɗa ko ƙosai a ciki. Wani ya tura hoton katinsa cikin zauren WhatsApp saboda an ce ana rabon taki ko tallafi. Wani kuma an ba shi naira dubu biyu a hannu, ya bari aka ɗauki hoton fuskarsa da takardunsa. A watan Yulin 2025 hukumar EFCC ta ce akwai matasa kimanin 12,000 a faɗin ƙasar nan da wannan ce sana'arsu: su sayi bayanan mutum a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar a kan kusan naira 5,000 domin a buɗe asusun da ake wuce da kuɗin damfara. Kafin nan, a 2024, ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna cewa wasu shafukan intanet suna sayar da takardar NIN a kan naira 100, har ta sayi ta ministan sadarwa kansa domin hujja, ko da yake hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, ta musanta cewa an kutsa rumbunta.

Abin da ɓarawo ke yi da su

Amfani na farko shi ne kiran waya. A ɗauka dattijo yana zaune a ƙofar gida sai wayarsa ta yi ƙara. Mai kira ya gaishe shi da ladabi, da Hausa tsantsa, ya ce: «Baba, barka da hutawa. Daga ofishin inshorar lafiya nake. Na ga katinka da na Hajiya zai daina aiki ƙarshen wata, ga shi kuwa kana karɓar maganin hawan jini. Yanzu za ka ga lambobi shida sun shigo wayarka, karanto mini su in sabunta maka.» Dattijon ba wawa ba ne. Ya yarda ne saboda mai kiran ya san sunansa, ya san matarsa, ya san cutarsa. Amma a lura da inda maganar ta ƙare: duk abin da ɓarawon ya sani bai ishe shi ba, sai da ya roƙi lambobi shidan nan, waɗanda banki ne ya turo su domin tabbatar da fitar kuɗi. Da dattijon ya kashe wayar, da bayanan da aka sata ba su tsinana wa ɓarawon komai ba a ranar.

Amfani na biyu shi ne layin waya. Tun da aka haɗa layi da NIN daga ƙarshen 2020, kuma kusan kowane asusu yana ɗaure da lambar waya, layin ya zama ƙofar dukiya. Wanda ya tsinci waya ko ya sace ta a cunkoson kasuwar Mai'aduwa zai iya cire layin ya sa a wata wayar, ya danna *565*0#, lambar BVN ta fito masa. Idan yana da ranar haihuwa da sauran bayanan mai layin, aikinsa ya ragu sosai. Wasu kuma ba sa satar wayar ma. Da bayanan da suka tara suke neman a sake musu layin wani a sabon kati. Amfani na uku shi ne buɗe asusu ko cin bashi a manhajojin ba da rance da sunan wani, sai mai suna ya wayi gari ana kiransa ana zagi a kan kuɗin da bai gani ba, ko jami'an tsaro su zo nemansa saboda an wuce da kuɗin fansa ta asusun da ke ɗauke da hotonsa.

Na huɗu ya shafi asibiti kai tsaye. A tsarin inshorar Najeriya ana biyan asibiti wani adadi a kan kowane sunan da ya zaɓe shi, ko ya zo ko bai zo ba, saboda haka suna kansa kuɗi ne. A 2017 shugaban NHIS na lokacin, Farfesa Usman Yusuf, ya ce an cire sunayen bogi kimanin 23,000 daga rajistar hukumar. Haka kuma idan wani ya karɓi magani da katinka, cutarsa da rukunin jininsa fayil ɗinka za su shiga. Wannan ya haɗa da aron kati da ake yi tsakanin 'yan'uwa don tausayi. Ranar da mai katin na gaskiya ya zo a galabaice, likita na iya dogara da bayanin da ba nasa ba. Na biyar shi ne tonon asiri: a wurin da labarin wata cuta kan iya fasa aure ko ya hana mutum ciniki, wanda ya riƙe sakamakon gwajin wani ya riƙe abin yi masa barazana.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce: «Ni talaka ne, asusuna babu ko sisi, me za a sata?» Farashin da EFCC ta ambata ya amsa wannan. Ba kuɗin talaka ake saye ba, sunansa mai tsabta ake saye, kuma an fi son wanda ba ya duba asusu, ba ya karanta saƙo, domin za a daɗe ana aiki da sunansa bai sani ba. Mai kuɗi yana da lauya da manajan banki da zai kira. Manomin da aka buɗe asusu da sunansa, shi zai sha zirga-zirga da kuɗin mota kafin ya wanke kansa.

Wani kuma zai ce: «To ai gara in ƙi rajistar gaba ɗaya.» Wannan magana tana da kamar hankali, amma lissafinta bai fita ba. Wanda yake da layin waya da asusun banki da katin zaɓe, bayanansa sun riga sun shiga rumbuna da dama. Ƙin inshora ba zai fitar da su ba. Abin da zai rasa kuwa a fili yake. Yawancin kuɗin magani a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fita, kuma kowa a ƙasar Daura ya san gidan da aka sayar da akuya ko gona saboda tiyatar haihuwa. Hatsarin fitar bayanai ana iya rage shi da 'yan ɗabi'u da ba sa cin ko kwabo, amma hatsarin ciwo babu kuɗi ba ya raguwa da taka-tsantsan.

Ja na uku ya fi ƙarfi: «Hukuma ce ta yi sakaci, don me za a ɗora mini aikin tsaro?» Gaskiya ne, kuma doka tana tare da mai wannan magana. Dokar lafiya ta 2014 ta ce bayanin majinyaci sirri ne. Dokar kare bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, ta kuma wajabta wa duk mai riƙe da bayanan jama'a ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan aka samu fitar da ka iya cutar da mutane, ya kuma sanar da su kansu idan hatsarin babba ne. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. A watan Agustan 2024 hukumar ta ci bankin Fidelity tarar fiye da naira miliyan 555, ko da yake bankin ya musanta laifin. Sai dai tara ba ta dawo da takardar da aka riga aka kwafa, kuma bincike yana ɗaukar watanni, alhali kiran ɗan damfara gobe zai shigo. Neman haƙƙi da tsare kai ba kishiyoyi ba ne. Wanda ya san haƙƙinsa ne ma yake iya tambayar ma'aikaci abin da za a yi da takardarsa.

Akwai kuma mai cewa bai iya karatu ba, dole sai wani ya taya shi. Neman taimako ba laifi ba ne, amma a rarrabe abin da ake nuna wa mataimaki da abin da ba a nunawa. Ɗa ko jika na iya karanta maka saƙo, mai POS na iya sa katinka a na'ura, amma danna lambobi huɗu aikinka ne, kuma wanda ya iya ƙirga canji a kasuwa zai iya haddace su. Faɗar lambar sirri da ƙarfi a gaban layin mutane, ko rubuta ta a bayan kati, daidai yake da miƙa kuɗin.

Matakan tsare kai

Mataki na farko ƙa'ida ce da ba ta da togiya: lambar sirrin kati da lambar da banki ke turowa ta saƙo ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake, ko asibiti, ko ofishin inshora, ko fadar hakimi. Babu ma'aikacin gaskiya da ke buƙatarsu. Sanin sunanka da cutarka ba shaida ba ce, kuma gaggawar da mai kira ke sa maka ita ce babbar alamar ƙarya. Ka ce masa za ka zo ofis da kanka, ka kashe waya, ka je ka tambayi jami'in da ke kula da inshora a asibitinka. Mataki na biyu, ka sa wa layinka lambar kulle, yadda duk wanda ya cire shi ya sa a wata waya ba zai yi masa aiki ba. Ka nemi wanda ya iya ya nuna maka, domin kuskure sau uku yana rufe layin sai an kawo lambar PUK da ke jikin katin da layin ya zo a ciki. Wannan kati a adana shi a gida. Idan waya ta ɓata, ko layi ya ɗauke haka kawai alhali na maƙwabta suna aiki, a ranar ake zuwa banki da kamfanin waya, ba a jira gobe. Bankuna da yawa suna da lambar da ake dannawa daga wayar wani a rufe asusu nan take. Ka tambayi ta bankinka tun kafin buƙata ta taso.

Mataki na uku ya shafi takarda. Rajista a ofishin hukuma ko a asibiti ake yi, ko a hannun ma'aikacin da ya nuna katin aikinsa kuma mai unguwa ko dagaci ya san da zuwansa. Idan ka ba da fotokwafi, ka rubuta a jikinsa abin da aka bayar da shi dominsa da kwanan wata. Wanda ya lalace ka karɓe shi ka ƙona, ka kuma tabbatar mai shago ya goge hoton daga kwamfutarsa ko wayarsa a gabanka. Kada ka sayar da NIN ko BVN, kada ka ba da aron asusu ko katin asibiti, ko ga ɗan'uwa. In tausayinsa kake ji, ka raka shi ya yi tasa rajistar.

Idan kuwa an riga an cuce ka, kunya ita ce abokiyar ɓarawo. Ka fara da banki, ka rubuta ƙorafi ka karɓi shaidar karɓa. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya yana karɓar ƙara. Ka sanar da 'yan sanda ko EFCC, domin dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta amfani da shaidar wani, kuma takardar rahoton ce za ta kare ka idan an aikata laifi da sunanka. Dokar 2017 kan bayanan bashi ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanoni irin su CRC da FirstCentral, a nan ake ganin bashin da aka ci da sunan mutum. Idan kana zargin daga wata hukuma ko asibiti bayananka suka fita, kana da ikon tambayarsu abin da suke riƙe da shi a kanka, ka nemi a gyara kuskure, ka kuma kai ƙara NDPC. Daga nan ka faɗa wa mutanen gidanka da na majalisarku irin kalaman da aka yi maka, domin mai kiran jerin lambobi ne a gabansa, kuma ta maƙwabcinka ce ke biye da taka.

Tambayoyi

1. Kawo bayanai biyar da ake karɓa wajen rajistar inshorar lafiya. Waɗanne ne ba a iya sauyawa idan sun fita?
2. Me ya faru da bayanan hukumar PLASCHEMA a 2022, kuma mutum nawa abin ya shafa?
3. Don me mai kiran dattijo ya nemi lambobi shida duk da abin da ya riga ya sani?
4. Wace illa aron katin asibiti ke iya jawowa?
5. Cikin sa'o'i nawa doka ta ce a sanar da NDPC idan bayanai sun fita?

Aiki

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama mai kira daga «ofishin inshora», ɗaya ya zama mai amsawa, ku gwada yadda ake katse irin wannan kira cikin ladabi. Kafin darasi na gaba, kowa ya sa wa layinsa lambar kulle, ya kuma rubuto lambar rufe asusu ta bankinsa.